Na samu aiki Abijan amma albashin 'yan ƙasa ne, in tahi ko in zauna?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ina da wata magana da ta hana ni sukuni kwanakin ga, ina roƙon waɗanda sunka san Abijan ko sunka taɓa zaman aiki wata ƙasa su ba ni shawara tsakani da Allah.

Ni aikin lantarki na karanta nan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, yanzu ina aiki wani kamfani nan Maraɗi ana ba ni jika 170 a wata, kuma ranar asabar da lahadi ina ɗan saka ma mutane sola ina samun na cefane. Gidanmu na gado nike zaune nan Bagalam, ba ni biyan haya, ina da mata da ɗiya biyu, babban ya shiga lakwal bana, kuma tsohuwarmu tana hannuna tun rasuwar Baba. To wani abokina da munka yi karatu tare ya haɗa ni da wani kamfani mai ɗakunan sanyi na kifi can Abijan wajen Biridi kusa da tashar jiragen ruwa, munka yi magana ta waya har sau da dama, sun ce sun ɗauke ni. Albashi jika 400, kontara ta shekara guda wadda ana iya sabuntawa. Amma sun hwaɗa mani tun farko cewa yadda suke ɗaukar ɗan ƙasa haka za su ɗauke ni, babu gida, babu kuɗɗin jirgi, babu kuɗɗin lakwal na yara, ni zan kai kaina kuma ni zan nemi wurin kwana.

Tunda maganar ta hita gida kowa murna yake, ƙannena har sun hwara lissahin abin da zan riƙa aikowa, ana ta cewa ai ya ninka albashinshi har da ƙari. Ni kuma gabana faɗuwa yake don ban san tsadar garin ba, kuma abin da nike so ba cin rani ba ne na wata shida in dawo, so nike in zauna in kai iyalina in ga ko rayuwa za ta ginu. Jika 400 tana riƙe mutum huɗu Abijan har a aiko ma tsohuwa wani abu? In tahi da iyali tun yanzu ko in hwara yin gaba? Kuma maganar takardu ya take tunda Nijar ta hita CEDEAO? Don Allah wanda ya sani ya yi mani bayani, mako biyu sunka ba ni in ba da amsa.

Na Por-Buwe:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni ɗan Mokoyo ne, na jima nan Abijan ina aikin albashi irin wanda kake magana, to bari in hwaɗa maka yadda abin yake ba ƙari ba ragi.

Tambaya ta farko da za ka yi masu yau ba gobe ba, jika 400 ɗin nan kahin a cire haraji ce ko bayan an cire? Don kamfanonin nan kusan kullum adadin sama suke hwaɗi. In na sama ne to ga lissahi. CNPS, wato asusun ma'aikata kamar CNSS tamu ta gida, tana cire kashi 6.3 cikin 100 na ritaya daga wajenka, jika 25 kenan da 'yan kai. Haraji kuma tun Janairun 2024 sunka haɗe shi ya zama guda, jika 75 ta farko ba a taɓa ta, daga nan zuwa jika 240 kashi 16, daga 240 zuwa 800 kashi 21, to kai naka ya kama jika 60. Ana rage maka in kana da iyali, mai mata da ɗiya biyu ana sauke mishi jika 22, amma hwa sai da takarda, takardar aure ta meri da takardun haihuwar yara, ɗaurin auren masallaci kawai ba ya shiga lissahinsu. Saboda haka abin da zai shigo hannunka tsakanin jika 315 ne da 337, ba 400 ba. Ka tambaye su kuma ko kuɗɗin mota na ciki, don doka ta ɗora ma mai kamfani jika 30 a wata na zirga-zirga ga ma'aikacin Abijan, wasu sai su cusa ta cikin adadin da sunka hwaɗa maka ka ɗauka ƙari ce.

Sai haya, nan ne ake kuka. Dokar da sunka yi 2018 ta ce mai gida ba ya karɓar abin da ya wuce wata biyu na abans da wata biyu na kosiyo, wato kuɗɗin jingina, sannan dillali ko ajans ya ci wata guda, wata biyar kenan kahin ka aje tabarmarka. Ni ɗaki da falo nike ciki nan Por-Buwe, gidan haya ne na mutane da yawa, jika 80 nike biya, to ka buga 80 sau 5 ka gani, jika 400 cif, albashin wata guda kenan tun ba a cire komi ba, kuma ba ka sayi katifa ba ba ka sayi tukunyar gas ba. Kuma ka sani albashin farko sai ƙarshen wata, to ka zo da abin da za ka ci kwana talatin.

Tunda Biridi za ka yi aiki kada ka bari kowa ya ruɗe ka da arahar ɗaki Abobo ko Yofugon. Garin ga ruwa ya raba shi, Biridi da Por-Buwe da Tireshbil da Markori da Kumasi ta nan Abijan duk gehe guda suke na kudu, in ka zauna arewa kullum sai ka ƙetare gada, kuma cunkoson sahe da na marece sai wanda ya gani, abin da ka rage na haya gbaka da woro-woro, wato ƙananan bas da taksin haɗaka na garin, za su cinye shi, ga tashin asuba ga dawowa bayan isha'i. Gada ta uku ma wadda anka buɗe 2014 biya ake yi. Kuma ka lura da unguwar da za ka kama, 2024 an rushe wurare da yawa irin su Jesko da Boribana, mutane sun kwana waje da kayansu, in ka ga ɗaki ya cika araha ka tambayi maƙwabta ko wurin na cikin waɗanda anka sa ma alama, ko kuma ruwa na cinye shi watan Yuni.

Yanzu ga abin da nike son ka riƙe, shi ne gaskiyar maganar duka. Abokin aikinka ɗan Kwaddibuwa da za a ba jika 400 daidai da kai, ba daidai kuke ba. Shi wataƙila gidan babanshi yake zaune Yofugon, uwarshi na aiko mishi doya da ayaba da manja daga ƙauye, in matarshi ta haihu gwaggonta na nan, in aiki ya tsaya yana da ɗakin da zai koma. Wannan duk kuɗɗi ne da ba a rubuta su cikin takardar albashi. Kai ma kana da irinsu yanzu Bagalam ba ka dai lissafa su ba ne, gidan gado, geron da ake kawowa daga gona, ƙanwarka da ke riƙe yara, mai shagon da ke ba ka bashi har ƙarshen wata don ya san babanka, da aikin solar da mutane ke kiranka don sun san ka. Ranar da ka sauka tashar mota ta Ajame nan Abijan duk wannan ya tsaya, komi sai ka sa hannu aljihu, har ruwan sha. Kuma ga gida na jiran saƙo don a ganinsu kai kana waje. To albashi na ɗan ƙasa, kashewa ta baƙo, buƙatun gida kuma na wanda ya tahi Turai.

Ban ce kar ka zo ba. Mafi ƙarancin albashi nan jika 75 ne tun 2023, namu na Nijar jika 42, to jika 400 ba abin rainawa ba ne, mutane da yawa na riƙe iyali da abin da bai kai rabinta ba. Kuma mai sana'ar sanyi da lantarki ba ya rasa aiki garin ga, in hannunka na da kyau shekara biyu za ka ga wasu na nemanka. Amma ka zo da ido buɗe.

Takardu kuma, eh Nijar da Mali da Burkina sun hita CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, amma a ranar CEDEAO ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen ukku kuma a bar su su shiga su zauna har sai an sake wata magana, kuma muna nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu sefa, shi ya sa kuɗɗinmu guda. Da ka iso ka je ambasad ɗinmu ka yi katin konsila. Kontarar baƙo kuma kamfani ne ke kai ta Agence Emploi Jeunes, hukumar gwamnati mai kula da harkar ɗaukar ma'aikata, a buga mata hatimi, ka tabbata sun yi, kuma ka ga lambarka ta CNPS da idonka.

Matashin Zariya 2:

Yaya wallahi ka tahi kawai, mi kake jira? Mu nan da difloma muke zaune muna kabu-kabu, kai an kira ka da jika 400 kana tambaya. Wahala ai ko'ina akwai ta, in ba ta yi ba ka dawo gida bai gudu ba. Allah ya sa in ka zauna ka tuna da mu ƙannenka.

Mushen Faransanci:

Salam. Ni ban zauna Abijan ba, Kano na yi aikin koyar da Faransanci a wata makarantar kuɗi, amma ina da abin da zan ƙara domin ni ma albashin 'yan ƙasa na ci.

Abin da mutum ba ya tunani sai ya same shi shi ne da wane kuɗi ake biyansa. Lokacin da na fara aiki ina canza naira a kasuwa in aika gida ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, abin yana isar iyali har da saura. Sai 2023 ta zo, ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin nan ta haura 1,500 a 2024. Albashina a takarda bai ragu ba ko kwabo, har ɗan ƙari aka yi mana, amma in na canza shi zuwa sefa sai in ga abin da ke hannuna bai kai rabin na da ba, ga kuɗin mota da na abinci a can sun tashi. Abokan aikina 'yan Najeriya su ma sun sha wuya ƙwarai, sai dai su naira suke ci naira suke kashewa, ni kuwa buƙatuna rabi suna wannan gefen iyaka inda ake kashe sefa. Dole na tattara na dawo.

To kai a nan ka yi sa'a, sefar Abijan ita ce sefar Maraɗi, bankin BCEAO guda ne, kuma tana ɗaure da yuro a kan 655.957, jika goma da ka aika jika goma za a karɓa ban da ɗan kuɗin aikawa. Wannan babban abu ne, wanda aka kira Ghana ko Najeriya ko Aljeriya ba shi da wannan kwanciyar hankalin.

Amma kontarar shekara guda ita ce ba ta kwanta mini ba. Ka karanta wata nawa ne na gwaji, domin a cikin gwaji suna iya sallamarka ba tare da sun biya ka komai ba sai kwanakin da ka yi. Kada ka ajiye aikinka na nan da faɗa, ka fita lafiya da mai gidanka, ka ce masa ga abin da ya taso, in da hali ma ka bar wani yaronka ya riƙe maka masu solar nan kada su watse.

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum. Ƙanena ni maganar iyali zan yi don naga maza duk lissahin kuɗɗi suke, ni kuwa na zauna can da maigidana, 'yar Sabon Gari ce ni.

Kar ka tahi da ita tashin farko, wannan kam ko shakka babu, ka je ka wuce watannin gwaji ka kama ɗaki ka san hanyar asibiti da kasuwa. Amma kuma don Allah kar ka yi irin ta mazanmu da za su ce wata shida sai a shekara biyar mace na zaune ɗakin uwar miji tana jiran waya, yara su girma ba su san ubansu ba sai hoto. Ka yanke lokaci ka hwaɗa mata ka hwaɗa ma tsohuwa tun yanzu, kuma ya dace da hutun lakwal don yaron ya hwara shekara can daga farko, karatun duk da Faransanci ne ba zai ɓace ba.

Kuma ka zauna da ita ka gaya mata gaskiyar abin da za ta tarar. Nan gida mace ba ta rasa wanda za ta bar ma yaro ta je kasuwa ko biki, can kuwa ƙohwa ruhe, maƙwabciyarki wata Baule ce wata Bete wata Mosi, mutanen kirki ne wallahi na samu waɗanda sunka riƙe ni kamar 'yar'uwa, amma sai kina jin Faransanci ko Jula kahin ku saba, ni watannin farko in maigida ya hita tun asuba ba ni da wanda zan ce ma ko sannu har dare, na yi kuka ba kaɗan ba. Abin da ya taimake ni shiga cikin matanmu 'yan Nijar, akwai su da yawa Tireshbil da Kumasi da Ajame, ana adashe ana zuwa suna da ta'aziyya, a nan na samu masu sayen turaren wuta da nike haɗawa da masu son lalle, har ya zamana kuɗɗin cefane rabi daga hannuna yake hitowa. In matarka tana da sana'ar hannu to ku lissafa da ita, albashi guda ba ya gina gida Abijan, su kansu 'yan ƙasar mata da miji duk nema suke.

Abinci kuma in kunka ce sai tuwon gero da hura kullum kamar gida to kuɗɗinku za su ƙare, gero can kayan marmari ne. Abin da garin ke ci shi ke da araha, aceke (dambun rogo) da kihi, shinkahwa, ayaba, doya, rogo. Garba ma, wato aceke da soyayyen kihi, da ake saidawa ko'ina bakin hanya ai 'yan Nijar ne sunka shahara da ita, ba za ka ji baƙunta ba. Albasar Galmi kuwa har can take zuwa, sai dai kuɗɗinta ba irin na kasuwar Maraɗi ba ne.

Sai lahiya. Nan mun saba zazzaɓin sauro lokacin damina ne yake tsanani, can kuwa ruwa sau biyu yake a shekara ga laima kullum, sauro ba ya hutu, yaran da sunka taso nan suna shan wuya shekarar farko. Akwai CMU, asiransin lahiya ta gwamnati, jika guda kowane mutum a wata, dole ce ma, amma ba komi take ɗauka ba, to ka tambayi kamfanin ko suna da asiransi tasu kuma ko mata da yara na ciki. Ni a ganina kamfanin da ya ba ka jika 370 da asiransin iyali ya hi wanda ya ba ka 400 babu.

Maganar aike gida kuma ka yi ta da tsohuwa kai da ita, ba gaban ƙannenka ba. Ka ce Inna ga abin da zan iya duk wata, ko jika 40 ce ko 50, ranar kaza za ta iso, kuma ya zamana ba ta latti. Uwa ta hi son kaɗan da ta san ranar zuwanshi bisa mai yawa da sai ta yi ta kira. Ƙannenka kuwa ka nuna masu lissahin da Na Por-Buwe ya yi maka su gani da idonsu, in ba haka ba duk wanda babur ɗinshi ya lalace kai zai kira, in ka ce babu a ce Abijan ta canza ka.

Baba na Tibiri:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi shawara. Jikana ke rubuta mani wannan. Ni na yi zaman Abijan tun ina saurayi, kasuwanci na yi ba aikin albashi ba, amma idona ya ga masu albashi da yawa 'yan ƙasarmu.

Ina can anka karya darajar sefa watan Janairun 1994, dare guda kuɗɗin mutane sunka rabe biyu. Ina can rikici ya tashi 2002, kuma na ga na 2010 zuwa 2011 bayan zaɓe. Duk lokacin da ƙasa ta rikice baƙo ne ke hwara shan wuya, na ga mutanen da sunka shekara ashirin sun dawo da jaka guda. Mutanen ƙasar ba mugaye ba ne, sun karɓe mu, ƙidayarsu ta 2021 ma ta nuna kashi 22 cikin 100 na mazauna ƙasar baƙi ne, wace ƙasa ce ta yi haka. Amma ƙasar wani ta wani ce. Dokarsu ta 1998 ta hana baƙo mallakar ƙasar gona ta karkara, sai dai haya. Kuɗɗin ritaya da za a riƙa cire maka kuma, sai ka shekara 15 kana zubawa kuma ka kai shekara 60 kahin ka ci fansho cikakke, kai da kontarar shekara guda gare ka, to ka aje kowace takardar albashi kar ka yar da ko guda.

Shawarata, duk abin da ka rage ka aiko a saya maka fili nan Maraɗi, gari na ta faɗaɗa, ka sa bulo sannu sannu. Iyalinka ka bar su gaban tsohuwarka, ta ga jikokinta, kai ka riƙa zuwa hutu. Ka kama ɗaki guda kai da wani ɗan'uwa ku raba haya. Ka kame bakinka daga siyasarsu da tamu, musamman yanzu da gwamnatocin biyu ba su cika jituwa ba, wurin aiki in an ja ka da maganar ka ce kai lantarki ka sani. Ka riƙe salla, ka nemi masallacin da mutanenmu ke taruwa ka gabatar da kanka ga manya, don ranar da wani abu ya same ka su ne danginka. Kowa ya bar gida gida ya bar shi.

Na Por-Buwe:

Baba Allah ya ƙara girma, maganarku gaskiya ce kuma mu da ke nan mun san abin da kunka gani. Amma ku yi mani haƙuri wuri guda ban bi ku ba. Na san mutanenmu nan da sunka shekara goma sha cikin ɗaki guda su huɗu, ba su ci mai kyau ba ba su kwanta mai kyau ba, komi ana aikawa gida ana gini, gidan ya ƙare wasu ke ciki, su kuma ƙarfinsu ya ƙare nan, 'ya'yansu na kiransu baƙo. Wannan ɗan'uwan cewa ya yi so yake ya zauna da iyalinshi, kuma mai albashi ba kamar ɗan kasuwa ba ne da zai ruhe shago ya tahi gida wata ukku, hutunshi wata guda ne a shekara, hanya kuma ba kamar da ba, daga Maraɗi zuwa Yamai kaɗai ya hi kilomita 600, iyakar Benin ta wajenmu an ruhe ta 2023, ta Burkina kuma kowa ya san halin tsaro, jirgi kuwa zuwa da dawowa ya kusa cinye albashin wata. In ya bar su gida to sau guda zai gan su a shekara in ya yi sa'a. Fili ya saya, ban ƙi ba, amma bayan ya tara abin da zai riƙe shi wata ukku in aiki ya tsaya, wannan ke gaba da bulo.

Ɗan Bagalam:

Na gode ƙwarai, Baba na gode Allah ya ja kwana, Yaya Uwar Biyu maganarki na karanta ma maiɗakina ita ma ta ce a gaishe ki. Mushe na gode da tunin mai gidana, gobe in sha Allahu zan same shi.

Na kira su yau da sahe. Jika 400 ɗin ta sama ce kamar yadda Na Por-Buwe ya ce, amma kuɗɗin mota jika 30 daban suke ba su ciki. Gwaji wata ukku. Asiransi suna da ita, tana ɗaukar kashi 80 na magani, mata da yara na shiga amma sai bayan gwaji kuma sai da takardar aure, to tamu ta masallaci ce kawai, na je meri na tambayo abin da ake buƙata don a yi mana. Na roƙe su ko za su ba ni abans na kama ɗaki a riƙa cirewa a hankali, mutumin ya ce zai kai ma direkta, bai ce eh ba bai ce a'a ba. Abokina ya ce in sauka wurinshi Kumasi watan farko.

Na zauna na buga lissahi, in na cire haya 80, wuta da ruwa da gas, abinci, mota, na tsohuwa 40, abin da ke saura in iyali na tare da ni bai hi jika 50 ba, in ni kaɗai ne ya kusa 120. To abin da nike gani in tahi ni kaɗai in tara na wata tara, su zo lokacin babban hutu in an sabunta kontarar. Tsohuwa ban gama da ita ba tukuna, ta ce sai ta yi magana da kawuna.

Na Por-Buwe don Allah tambaya guda, lakwal ta gwamnati nan wajenku tana karɓar ɗan baƙo da takardar haihuwa ta Nijar da takardar shaidar ajin da ya gama, ko sai na nemi ta kuɗɗi? In ta kuɗɗi ce nawa kake biya ma naka a shekara, don in sa cikin lissahin tun yanzu.